Gyaran gida da hannunka a Maraɗi: tambayoyin da anka fi yi da amsoshinsu

Duk shekara da ruwa ya ɗauke tambayoyin iri guda ne, gida ya sha duka wajen damina, kuɗin maso, wato magini, sun yi sama, to mi mutum zai iya yi da hannunshi. Na tattara waɗanda anka fi maimaita mini wuri guda. Wasu amsoshin dogaye ne wasu layi biyu, gwargwadon yadda abin shike.

Malam, gidan duka ya lalace kuma kuɗina kaɗan ne, ta ina zan fara?

Fara ta inda ruwa ke shiga, ka biyo da inda ruwa ke kwanciya, fenti da karo, wato tayil, su zo ƙarshe in kuɗi sun rage. Mutanenmu akasin haka muke yi, sai ka ga mutum ya saye fenti bokiti uku ya shafe falo tas saboda Salla ta matso ko ana biki, alhali tol, wato kwanon rufin da ke bisa kanshi, na yoyo, ruwan farko na watan shidda ya zana mishi taswira a bango shi ke nan kuɗi sun tafi.

Garin nan ai ruwa ne ya taso shi daga mazauninshi, ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta cinye tsohon gari da ke cikin fadama har anka maido mutane bisa tudu, kuma wanda ya ga ruwan ƙarshen watan takwas na 2024 da gidajen da sunka zube a cikin unguwanni ba sai an yi mishi dogon bayani ba. Ruwanmu ba yawa gare shi ba in ka haɗa na shekara, matsalar shina zuwa ne a dunƙule cikin awa ɗaya ko biyu da iska, kuma ƙasarmu rairayi ce tana zaizayewa nan da nan.

Abin da za ka yi, ɗauki takarda ka zagaya gidan daga waje. Duba rufi, duba indararo ko ya toshe ko ya karye shina zuba a jikin bango, duba gindin katanga ko ruwa ya ci shi ya yi rami, ka zuba bokitin ruwa tsakar gida ka tsaya ka ga ina ya nufa. In ya nufi ƙofar ɗaki ko ya tsaya wuri guda to ga aikinka na farko nan, kuma aiki ne na felu da baro, ka cika da jar ƙasa ka daddaɓe yadda gangaren zai koro ruwa zuwa kwata. Ko dala ba ka ba kowa ba.

Wane lokaci ya fi dacewa da aikin?

Daga bayan kaka zuwa ƙarshen ɗari, wato watan sha ɗaya zuwa watan biyu. Bango ya bushe, rana ba ta kai ta bazara ba, ƴan cin rani sun shigo gari ana samun mai kama maka aiki da sauƙi. Cikin watan huɗu da biyar zafi na wuce digiri 40, siminti na bushewa kafin shi kama, kai kanka ba ka iya hawa tol da hantsi. Sai dai hunturu ma da nashi halin, iskar na shanye ruwan filasta da sauri kuma ƙura na mannewa ga ɗanyen fenti, don haka ranar da hazo ya rufe gari a bar fentin waje. Gyaran rufi shi kam ko yaushe ka fara a tabbata an gama kafin watan biyar ya fita.

Gidanmu na ƙasa ne tun na kakanni, na gaji da yaɓe duk shekara, in shafe shi da siminti in huta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin kuɗin mutane. Siminti da laka ba su kama juna. Laka na shan raɓa ta kumbura ta bushe ta koma, siminti kuwa tsaye shike ƙiƙam, bayan damina ɗaya ko biyu sai su rabu, daga waje ka ga bango sumul amma in ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo kamar ɓawon gyaɗa da ƙwayar ta motse ciki. Kuma ba ɓarewar ce abin tsoro ba. Da ƴar tsaga ta samu a sama ruwa na zurarawa bayan simintin, ba shi da hanyar fita rana ba ta ganinshi, sai shi yi ta jiƙa birgi a ɓoye gara ta samu wurin zama, ranar da bangon zai zauna ba wanda ya ga alama. Bangon da ke tsirara aƙalla kana ganin ciwonshi ka yaɓe.

In ka nace sai siminti, to a yi shi da ƙa'ida. A kankare tsohon yaɓe har a iske birgi mai ƙarfi, a kafa kusoshi dogaye kusa da kusa, a ɗaure wayar raga irin ta kejin kaji a jikinsu, a yayyafa ruwa kaɗan sannan a watsa siminti mai ruwa-ruwa shafa ta farko a bar ta da kaushi, bayan kwana biyu a bi da ta biyu. Kwaɓin kar shi yi ƙarfi da yawa, yashi shidda siminti ɗaya ya isa nan. Kan katangar kuma dole a rufe shi da kyau don ta nan ruwa ke shiga.

Ni dai in gidana ne ga abin da zan yi, in kashe kuɗin simintin a wuri biyu kawai, gindin bango daga ƙasa zuwa gwiwa a yi mishi dakali siriri mai gangare, sai kan bango da bakin indararo. Tsakiya a bar shi da yaɓe amma yaɓe na kirki, laka da anka kwaɓa da ɗanyen kashin shanu da dusar ciyawa ko ƙaiƙayi anka bar ta ta ruɓa kwanaki ana juyawa, ba wadda anka kwaɓa da safe anka shafa da hantsi ba. In kana samun makuba, ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa da ruwanshi, wannan shi ne maganin ruwa na magina tun da can kuma har yanzu shina aiki, wahalar samu ce kawai ta sa anka bar shi.

Gindin bangon ɗakina na fitar da farin gari kamar gishiri, fenti na kumbura shina zubewa, na sake shafawa ya dawo.

Zai ta dawowa ko sau nawa ka shafa, don danshi ne ke hawowa daga ƙasa da gishiri a cikinshi. Leƙa bayan bangon ka ga mi ke wurin. Sau da yawa wurin alwala ne ko wurin wanke-wanke ko gindin randa, ko kuma turken dabbobi, mu nan kowane gida da jar akuya ko ragon layya a ɗaure jikin bango kuma fitsarinsu na cin filasta fiye da ruwan sama. Matsar da turken, gyara inda ruwan ke bi. Sannan ka kankare filastar da ta ruɓe har ka wuce iyakar danshin da kamar taƙi biyu, goge gishirin da busasshen buroshi kar ka wanke da ruwa don narkewa zai yi shi koma ciki, ka bar wurin a buɗe shi sha iska sati biyu ko uku kafin sabuwar filasta. Kar ka rufe wurin da fentin mai ko karo da sunan ɓoyewa, danshin hawa zai yi shi ɓullo bisa inda karon ya tsaya.

Bango ya tsage, in cike ko in ji tsoro?

Ya danganta da irin tsagar. Sirara masu kama da yanar gizo a fuskar filasta ba komi ba ne, filastar ce ta bushe da gaggawa. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko mai bin layin bulo hawa-hawa, ko wadda ta raba kusurwar ɗaki biyu har kana hango haske, wannan tushe ne ke motsi.

Gwada ta kafin ka taɓa. Shafa ɗan siminti siriri a gicciye bisa tsagar wuri biyu ko uku ka rubuta kwanan wata da fensir a gefe, ka jira wata guda. In bai fashe ba tsagar ta tsaya, sai ka buɗe bakinta da kurfi da guduma da ƙarfe, ka share ƙura, ka jiƙa sosai, ka cusa kwaɓi ka matse. In ya fashe to bango na tafiya, wannan ba aikin hannunka ba ne, fitar da yara daga ɗakin in damina ce ka nemo magini wanda ya san tushe.

Tol na yoyo amma na hau ban ga huda ba.

Ba daga sama ake nema ba. Shiga ɗakin da rana tsaka ka rufe ƙofa da taga, in babu plafo, wato silin, za ka ga haske na tsiyayowa ta hudojin, ka soka tsinke a kowace don ka gane ta in ka hau. Yawanci bakin kusa ne, robar ta ƙone da rana ko kusar ta yi sako-sako, ko wanda ya yi rufin ya kafa kusa cikin kwarin tol inda ruwa ke gudu maimakon bisa tudun. Cire ta ka sa sabuwa mai roba. Ƙaramar huda ana liƙe ta da faci mai kwalta da ake saidawa a nannaɗe wajen masu kayan gini, amma a goge tsatsa da ƙura tukuna in ba haka ba rana guda zai ɗago. Sauran wurin da ake mantawa shi ne inda tol ya shiga cikin bango, simintin wurin na tsagewa saboda tol na miƙewa da zafi shina komawa da sanyi.

In za ka hau, da sassafe, ka taka bisa layin kusoshi inda katako ke ƙasa ko ka shimfiɗa faffaɗan katako, kuma ka dubi inda wayar kamfanin wuta na Nigelec ta bi kafin ka ɗaga tsani ko dogon tol.

Tunda kana sama duba ɗaurin. Iskar farkon damina ba ta yaye tol ɗaya ɗaya, rufin take ɗauka gaba ɗaya da katakonshi ta aje a gidan maƙwabci. Jera duwatsu da tsofaffin tayu bisa rufi dabara ce ta wanda ba shi da yadda zai yi, abin da ke riƙewa shi ne ƙarfe ɗan milimetir 6 da anka zagayo katako da shi anka binne cikin bango layi uku ko huɗu ƙasa.

Baba ya bar muna shigifa mai rufin ƙasa, azara ta fara lanƙwasa.

Soka wuƙa ko kusa a ƙarshen azarar inda ta shiga bango, nan gara ke fara ci. In ta shige kamar cikin dawo azarar ta mutu. Kuskuren da ake yi shi ne duk shekara a ƙara laka bisa rufi ba a rage tsohuwa ba, nauyi na ƙaruwa, in ta sha ruwa ya ninka, shi ya sa rufin ƙasa ya fi faɗuwa cikin dare bayan ruwan kwana biyu. A kankare tsohuwa kafin a sa sabuwa, a gyara gangare zuwa indararo, a tsige ciyawar da ta tsiro. Shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin lakar ƙarshe na taimakawa in ba a huda ta ba.

Azarar giginya ta ainihi, irin wadda ake kawowa daga yankin Gaya, gara ba ta cika damunta ba amma ta yi tsada kuma itacen ba a sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji, shi ya sa mutane sunka koma ƙarfe. Sauya azara kam kar ka yi kai kaɗai, sai an tokare rufin tukuna. Katakon tol da na ƙofa kuma a shafe shi da baƙin mai na mota kafin a ɗora, araha ne wajen masu gyaran mota kuma gara ba ta son shi, sai dai ba a sa shi cikin ɗakin kwana inda hannun yara ke kaiwa.

Wane siminti zan saya, kuma yaya ake kwaɓi?

Na Malbaza ne ko wanda ke shigowa daga Najeriya, abin dubawa lambar da ke jikin buhu. 32.5 ya ishe ka filasta da jera bulo da daɓen ƙasa, 42.5 na ginshiƙi ne da dal, wato rufin kankare. Buhu kilo 50 ne, buhu 20 ke tan guda, kuma a watan goma na 2024 gwamnati ta rage kuɗin 32.5 bayan ɓarnar ruwan shekarar, don haka tambayi farashi wuri biyu uku kafin ka biya. Danna buhun da hannu, in ka ji dunƙule-dunƙule masu tauri ya sha danshi bar shi ko an rage maka. Kar ka saye da yawa ka jibge, bayan kamar wata uku ƙarfinshi na raguwa, in ka aje kuma bisa katako ba bisa ƙasa ba.

Awo da bokiti guda za ka yi shi, ba da felu ba don felun safe da na la'asar ba ɗaya ba ne. Filasta bisa bulo siminti 1 yashi 4. Kankare siminti 1 yashi 2 tsakuwa 3. A gauraya a bushe har launi shi zama ɗaya sannan ruwa kaɗan kaɗan, kuma kwaɓa abin da za ka iya gamawa cikin awa guda, wanda ya fara daskarewa kar a ƙara mishi ruwa a farfaɗo da shi, ya riga ya mutu.

Yashi shi ne inda ake cutuwa. Rairayin ƙofar gida da mai amalanke zai kwaso maka laushi gare shi da ƙura, filastarshi tsagewa take. Nemi mai kaushi na cikin gulbi, ka gwada, zuba shi cikin kwalba rabi ka cika da ruwa ka girgiza ka aje, in laka mai kauri ta kwanta bisa yashin a tankaɗe ko a sauya.

Sai ban ruwa, wanda shi ne kyauta kuma shi anka fi yi wa rowa. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, ruwan ne ke haɗuwa da shi shi taurare, in rana ta shanye ruwan da wuri sai ka ga filasta na zubar da gari in ka murza. Safe da marece har kwana 7, wannan aikin yara ma na iya yi da buta. Cikakken ƙarfi sai kwana 28.

Bulo nawa ya kamata buhu guda shi fitar?

Ɗan santimetir 15 mai rami, ni ba na son a wuce 30. Masu bugawa don saidawa na ja har abin ya wuce hankali. In za ka saye bugagge ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka sake shi bisa ƙasa mai tauri, in ya watse gari ka gode musu ka wuce gaba.

Malam ni mace ce, maigida na tafiya, ina son in yi fentin ɗakina da kaina kafin bikin ƙanwata, zan iya?

Ƙwarai kuwa Hajiya, fenti ma ya fi son hannun mai haƙuri. Rabin aikin shiri ne, fitar da kaya ko a tara su tsakiya a rufe, share yana da ƙura, kankare duk inda tsohon fenti ya ɗago, cike ramukan kusa, inda hayaƙi ko maiƙo ya taɓa a wanke da omo a bari shi bushe. In filasta sabuwa ce ki ba ta wata guda.

Lissafi kuma mai sauƙi ne. Ɗaki 4 bisa 4 mai tsawon metir 3, bangonshi metir kare 48 ne, ki cire ƙofa da taga ya rage wajen 44, shafa biyu 88 ke nan. Litir guda na rufe kamar 8 zuwa 10 a bango mai santsi, mai kaushi ya fi sha, sai ki duba abin da anka rubuta jikin bokitin. Cikin ɗaki fentin ruwa, wanda ake ce ma FOM, ya wadatar. Kar ki tsinka shi da ruwa fiye da ƙima don shi yi auki, shafa huɗu za ki yi bai rufe ba. Fara daga sama ki sauko, gefe da kusurwa da buroshi tsakiya da abin murzawa, ki gama bango guda kafin ki huta in ba haka ba layi zai fito. Shafa ta biyu sai ta farko ta bushe.

Fentin mai na ƙofa da taga ne. Masu tsinka shi da esansi su sani wuta ce a hannunsu, a nesanta da murhu da gawayin shayi da turaren wuta, a buɗe tagogi, mai ciki da jinjiri kar su kwana ɗakin sai wari ya fita. Tsohon fentin mai kuma wani na ɗauke da dalma mai cutar da ƙwaƙwalwar yara, in za a goge shi a jiƙa tukuna kar a tada ƙura, a kwashe ɓarɓashin.

Bangon laka da zaure da kicin farar ƙasa ta fi musu, tana barin bango shi yi numfashi ga araha, a dai kiyaye ido da hannu don tana ƙuna.

Karo fa, mutum na iya sawa da kanshi?

Ƙaramin wuri kamar dushi ko baranda e, babban falo in ba ka taɓa yi ba za ka ɓata kaya. Saye da rarar kashi 10 cikin 100, ɗakin metir kare 16 ka ɗauki 18, kuma duka lokaci guda don in ka koma neman cikon kwali biyu da wuya launi shi zo daidai. Jera su a bushe tukuna ka ga inda yanka zai faɗa, ja igiya, fara daga ƙurya ka fito ƙofa. Irin mai jan baya a jiƙa shi cikin ruwa kafin a sa. Siminti shi cika bayan karon duka ba ɗigo huɗu a kusurwa ba, washegari ka bi da ƙotar guduma kana ƙwanƙwasawa, wanda ya yi ƙarar holoƙo cire shi tun yanzu. A dushi a sa mai kaushi saboda tsofaffi, da gangaren santimetir 1 zuwa 2 a kowane metir zuwa bakin tiyo.

Ɗakin tol zafi kamar me, akwai dabara ban da klim?

Akwai. Plafo, amma da ƙananan ramukan iska a bango tsakanin tol da plafon, gaba da baya, a rufe su da raga saboda jemage da ɓera, in babu su zafin taruwa shike shi sauko maka da dare. Farin fenti bisa tol na rage abin da shike sha. Rumfar zana ko bishiyar bedi a bangon yamma, sai dai kar a dasa ta manne da gini saboda saiwa. Taga biyu masu kallon juna sun fi babba guda, a sa musu raga don sauron damina.

Zan iya gyara wutar gidana?

Sauya ƙwai, makunni ko wurin soka caja, e, bayan ka kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makashi ka kuma gwada da abin gwaji ka ga ba ta. Ja sabon layi ko haɗa da sola ko janareto, kira mai aikin. Konter, wato mita, da abin da ke bayanshi na Nigelec ne kar ka taɓa. Abin da ya kamata ka sani ko don kar a cuce ka, waya 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta wurin soka kaya, klim da abin dafa ruwa layinsu daban. Kuma kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago, in cikin ya fito fari to ba jan ƙarfe ba ne rini anka yi mata, irinta ke zafi cikin bango har ta kama.

Famfo na ɗiga, kuma kuɗin ruwa sun yi yawa.

Ɗigar famfo yawanci ƴar robar ciki ce, rufe ruwa daga konter ka kwance ka kai tsohuwar shago a ba ka irinta, ka naɗa farin zaren roba a bakin zaren kafin ka ɗaure. Don gane ko tiyo ya fashe a ƙasa, rufe duk famfunan gidan ka dubi konter, in shina juyawa akwai inda ke zuba, nemi wurin da ƙasa ba ta bushewa ko ciyawa ta yi kore cikin rani. Tiyon roba da ke fili a binne shi, rana na gasa shi shi yi ƙamas.

Salga kuma magana guda, in ta cika ko bakinta ya fara zaizayewa a kira masu aikin, kar kowa shi shiga ramin ko shi tura yaro, iskar da ke ciki na kashe mutum kafin shi yi kira. Sabon rami a nesanta shi da gindin bango, da rijiya kuma kamar metir 30 in fili ya bari.

Gidan haya nike, in na gyara wa zai biya?

Wanda kunka yi magana da shi kafin aiki. Je ka samu mai gidan da mutum biyu, a faɗi aikin a faɗi kuɗin a rubuta cewa za a cire daga haya wata kaza. In ka yi shiru ka gyara to sadaka ka yi, wani ma in ya ga gida ya yi kyau ƙara maka haya zai yi.

Sai na nemi takarda kafin in taɓa gidana?

Fenti da yaɓe da karo ba mai tambayarka. Ƙara ɗaki, hawa bene, fitar da shago ko dakali zuwa cikin hanya, wannan ka leƙa biron magajin gari na yankinku, birnin kashi uku ne kowa da nashi. Amma kafin biro akwai maƙwabci. Katangar da kunka haɗa kar ka sa mata guduma sai ya sani, indararonka kar shi zuba gidanshi, in ka ɗaga ƙofar gidanka da ƙasa ka tabbata ba ka tura ruwan layi zaurenshi ba, taga kuma kar ta leƙa tsakar gidan mutane. Rigingimun da ke kaiwa gaban mai unguwa cikin damina da yawa daga nan suke tasowa.

In dole sai na kira maso, yaya zan yi kar a cuce ni?

Je ka ga aikin da ya yi shekara biyu baya, ba na satin jiya ba. Yi jinga da shi bisa aiki ba kwana ba, a faɗi komi har kwashe ɓaraguzai da wanda zai kawo ruwa. Kaya kai za ka sayo da kanka, buhunan da anka zazzage a aje maka su ka ƙirga da marece. Kuɗi kashi uku, kaɗan na kama aiki, wani a tsakiya, na ƙarshe sai ka duba ka gamsu, in ka biya duka tun farko sai ka riƙa bin shi a waya shina wani aikin a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo. Shi ma ka ba shi haƙƙinshi ranar da kunka yi alkawari, da abincin rana in haka kunka shirya.

In kana da lokaci zama lebaranshi da kanka, kai ke awon bokiti kai ke kwaɓi kai ke miƙa bulo. Ka rage kuɗin mutum guda, simintinka bai bi wata hanya ba, kuma kana kallon yadda shike riƙe cokali da yadda shike ja igiya da sa ma'aunin ruwa. Kayan da za ka aje a gida ba su da yawa, cokalin magini, felu, guduma, metir, ma'aunin ruwa, filaya, abin gwajin wuta da bokiti biyu. Baro da tsani a ara wajen maƙwabta, a wanke baron kafin siminti shi daskare a ciki a maida musu.